Ranar da Na Shayar da Bindigar Baba

A gidanmu idan aka haifi ɗa namiji, ranar suna sai an buga bindiga sau ɗaya bayan liman ya faɗi sunan. Ba farilla ba ce, ba sunna ba ce, haka dai muka taras. An buga wa yayana Jibrin, an buga mini, kuma duk da bindiga ɗaya aka yi, wato bindigar toka ta Baba, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani maƙeri ne ya ƙera ta tun kafin a haife mu, da bututun ƙarfe da ya ciro daga jikin matacciyar lori. Da ita Baba ya yi shekara ashirin yana korar gwaggon biri da gadu daga gonakin dawa a gefen Ƙala'at an-Nahal.

Ni ne na zauna da Baba a rumfar gadi har Allah ya ɗauke shi. Jibrin makaranta aka kai shi Gadarif, daga can aka ɗebe su zuwa sansanin Difa'i Sha'abi, dakarun sa-kai na gwamnati, ya yi shekara da rabi a yaƙin Kudu. Ya dawo a rame, muryarsa ta ƙara kauri, ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun daga lokacin bai ƙara kirana Mato ba. Hawainiya yake ce mini.

Ban ga laifinsa sosai ba, don ni ɗin ba mai sauri ba ne. Ɗurin bindigar ma da na koya, aiki ne na marasa sauri. Baba kafin ya taɓa albarushi sai ya zura sandar ɗuri cikin bututun. Akwai tsaga da ya yi wa sandar da wuƙa; idan tsagar ta yi daidai da bakin bindiga, cikinta wayam ne, idan ta tsaya a sama, to akwai abu a ciki, kada ka ƙara. Ba ya zuba albarushi daga gora kai tsaye, sai ya auna a ɗan tsinin ƙahon akuya, ya toshe gorar, ya ajiye ta bayansa, sannan ya juye. Bakin bindigar kullum yana kallon gefe, ba fuskarsa ba, kuma sandar da yatsu yake riƙe ta ta gefe, ba ya ɗora tafin hannu a kanta. Kabsula, 'yar hular jan ƙarfen nan da ake ɗora wa hancin bindiga don ta ba da wuta, ita ce ta ƙarshe, sai ya ga abin harbi da idonsa. Yakan ce, "Wannan tsohuwa ce, Mato. Abincin da ta saba da shi za ka ba ta, kuma gwargwadon cikinta."

Shekarar da matar Jibrin, Ummusalama, ta haifi ɗan fari, ina Simsim wurin yankan riɗi. Saƙo ya same ni a makare, na hau lori, na iso hillarmu, wato ƙauyenmu, da safiyar sunan, rana ta ɗan ɗaga. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, rago yana ɗaure a gindin aduwa. Na gaisa da mutane, na tambayi yayana, aka ce yana bayan ɗakin ciyawarsa.

Can na same shi tsugune shi da abokinsa Saifuddeen, wanda suka yi Kudu tare. Bindigar Baba tana jingine da bango. A gabansu akwai awartaki, da wani faranti, da kwanson harsashi na Kalash, bindigar soja, zube a ƙasa, an cire musu kai. Na ƙirga biyar kafin Saifuddeen ya share su da ƙafa zuwa ƙarƙashin dannin kara.

"Salamu alaikum. Yaya, barka. Allah ya raya."

"Amin. Sai yanzu? A ƙafa ka zo daga Simsim ko a bayan kunkuru?"

Saifuddeen ya yi dariya. Na miƙa masa hannu, ya ba ni kan yatsu.

Na ce, "Bari in ɗura ta tun mutane ba su cika ba. Ina gorar?"

Jibrin ya ce, "Gorarka ta sha damina. Abin da ke ciki ya dunƙule kamar daddawa. Na je kasuwar Gadarif, mai sayarwa ya ce ya daina, tun da aka kira shi aka yi masa tambayoyi. Kada ka damu kanka, an riga an ɗura. Kuma ni zan buga. Ɗana ne."

"Da me aka ɗura, Yaya?"

"Da albarushin maza," in ji Saifuddeen. "Ba tokar murhun da kuka saba ba."

Na ɗauki bindigar, na kawar da bakinta gefe, na duba hancin, babu kabsula. Na zare sandar na zura a hankali. Tsagar Baba ta tsaya sama da bakin da faɗin yatsa huɗu. Na dubi farantin. Ragowar abin da ke ciki ba baƙi ba ne irin namu, wasu 'yan ƙwayoyi ne masu sheƙi, ko warin kirki ba su da shi. 

A garin Doka na san wani mai gadin gona, Gado. Shi ma albarushinsa ne ya ƙare, wani soja ya ba shi harsashi biyu, ya fasa ya juye a bindigarsa ta toka. Biyu kawai. Bututun ya tsage kamar kara, ya tafi da yatsunsa huɗu na dama da rabin tafin. Na ci abinci da shi a kwano ɗaya. Da hagu yake ci, kuma kafin ya sa hannu sai ya ba kowa haƙuri. Wannan kuwa biyar ne a ciki, ko fiye, kuma hannun yayana ne zai riƙe ta.

Na faɗa masa labarin Gado. Na faɗa a hankali, don kada ya ce na ɗaga masa murya a gaban baƙo. Na ce albarushin Kalash an yi shi ne don ƙarfen Kalash, wannan kuwa bututun lori ne, ya tsufa, ba zai ɗauka ba.

Jibrin ya miƙe ya karɓe bindigar daga hannuna.

"Saifu, ka ji? Mai gadin birai yana koya mini bindiga. Kai, ya zol, ni na kwana da bindiga a ƙirjina wata goma sha takwas. Ina kwance Kalash in haɗa ta ido rufe. Kai kana ina? Kana ƙarƙashin buhunan riɗi ranar da motar kamen samari ta zo."

"Gaskiya ne, Yaya. Amma wannan ba Kalash ba ce."

"Ƙarfe ƙarfe ne, wuta wuta ce."

"To bari in ɗaura ta a jikin aduwa, mu ja da igiya daga nesa. In ta tashi lafiya, ka mare ni."

"In buga wa ɗana bindigar suna da igiya? Kamar mai jan guga? Mutane su ce me?"

Saifuddeen ya ce, "Ka bar shi, Jibrin. Shi yake so ya buga, a ce shi ne magajin bindiga. Ba mata, ba ɗa, ai dole ya nemi abin da za a kalle shi da shi."

Yayana ya shiga ɗakinsa da bindigar, ya fito babu ita, ya ja ƙyauren kara. Ya taɓa aljihun jallabiyarsa inda kabsular take, ya ce da ni, "Je ka taya masu fiɗa. Wuƙa ma ka yi hankali da ita, kada ta tashi da kai."

Na shiga cikin gida wurin Inna. Tana zaune gaban murhu tana yin kisra, siririyar wainar dawa da ake shafawa a kasko, mata sun kewaye ta, wasu na daka, wasu na yankan albasa. Na durƙusa kusa da ita na gaishe ta, na rage murya na faɗa mata komai. Ba ta dube ni ba. Jibrin ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsoma baki a sha'aninsa gaban mata, ranar sunan ɗansa. Ta kwashe kisra ɗaya, ta zuba wata, ta shafa ta da ɗan guntun kaba.

"Ni me na sani a kan bindiga? Je ka wurin Modibbo."

"Inna, hannunsa ne fa."

"Na ce ka je wurin Modibbo."

Na miƙe. Har na kai bakin zaure sai na ji ta ce, kamar da matar da ke kusa da ita take magana, "Mai gidan nan dai, in bindigar ta yi masa gardama ta ƙi tashi, buta yake nema ya jiƙa ta." Ta ci gaba da aikinta. Kisrar da ke kan wuta ta ƙone, ban taɓa ganin kisra ta ƙone a hannun Inna ba.

Modibbo shi ne limamin hillarmu, aminin Baba ne. Na same shi a rumfa yana shan gahawar jabana, na roƙe shi ya zo gefe. Ya saurare ni yana jan carbi har na kai ƙarshe. Sai ya nuna mini da haɓa wani mutum mai farin rawani da ke zaune a kujera, ba a tabarma ba. Shugaban lajna ne, wato kwamitin hilla, wanda katin rabon sukari da takardar shaida duk sai ta hannunsa, kuma abin da ya ji da safe yakan kai wa hukuma a gari kafin la'asar.

"Ka ga wancan? Harsashin nan na gwamnati ne. In kalmar ta fito daga bakinka a rumfar nan, ba hannu kaɗai yayanka zai rasa ba, har mu sai an zo an zazzage ɗakunanmu. Kada in ji. Zan yi masa magana da kaina."

Ya kira Jibrin, suka tsaya gindin aduwa. Ina hangen su. Modibbo yana magana, Jibrin yana murmushi yana sunkuyar da kai, irin ladabin da ba ya shiga ciki. Da suka rabu, yayana ya biyo ta gabana, ya taka mini ƙafa da takalminsa na soja, ya danna, ya ce a hankali, "Ka kai ƙarata wurin tsofaffi ko? Za mu haɗu bayan suna."

Modibbo ya dawo ya zauna. Ya dube ni, ya buɗe tafin hannunsa, ya rufe.

Aka fara raba dabino da alewa. Mutane suka cika rumfa, kowa ya juya wajen liman. Na ɗauki butar alwala da ke bakin danni, na cika ta a tulu, na zaga baya kamar mai zuwa kama ruwa. Na ture ƙyauren ɗakin Jibrin na shiga.

Bindigar tana kwance a kan angareb, gadonsa na igiya, an goge ta da mai har tana ƙyalli. Na tsayar da ita, na karkata bakin daga fuskata, na fara tsiyaya ruwan. Ya cika bututun ya tsaya. Tsumman da suka danna a kan albarushin ya yi tauri, Saifuddeen da ƙarfinsa ya buga shi. Na tsuguna ina kallon ɗan ramin hancin, don in ruwa ya fito ta nan, ya ratsa albarushin ke nan. Shiru. Daga waje ina jin Modibbo ya fara huɗuba, kuma na lura yana jan ta fiye da yadda ya saba, yana maimaita salati. Na ɗiga ruwa a hancin ma, na jijjiga ta kaɗan. Ruwan saman ya ragu da faɗin yatsa, na ƙara. Can sai ɗigo ɗaya ya taru a bakin ramin, baƙi, ya faɗo a kan yatsana. Na biyu ya biyo. Ina jiran na uku na ji an ce Fatiha.

Na tuntsurar da ruwan saman a bayan tulu, na goge ta da gefen rigata, na mayar da ita yadda take. Ɗigo biyu. Ban sani ba ko sun isa.

Aka mayar wa yaro sunan Baba. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, aka kayar da rago. Jibrin ya fito da bindigar a kafaɗa, cikin farar jallabiya sabuwa, ya tsaya a fili gaban rumfa. Ya ɗora kabsula, ya ɗana kunama, ya ɗaga ta sama. Kuncinsa yana jikin katakon, hannunsa na dama daidai wurin da na Gado yake. Saifuddeen ya yi kabbara, samari suka amsa. Ni bakina Ƙulhuwallahu yake yi, ban san sau nawa ba.

Ƙas.

Kabsular ce kawai ta fashe, ƙararta ba ta fi ta ƙyastu ba. Wani tsoho ya yi tari. Daga baya can wani ya ce, "Ita ma tsohuwar azumi take yi?" Dariya ta ɗan tashi.

Jibrin ya sauke ta da sauri, ya juyo bakin wajen fuskarsa zai leƙa. Bindigar toka kuwa in ta ƙi tashi, wani lokaci wutar tana nan tana ci a ɓoye, sai an jira. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na kama bututun da hannu biyu na danna shi ƙasa, gefe, wajen da babu kowa. Ya fizga, na riƙe. Da bakin ya sunkuya sai baƙin ruwa ya zubo, ya bi gaban jallabiyar daga ciki har gwiwa.



Ya dubi rigarsa. Ya dubi bakin bindigar yana ɗiga. Ya ce, "Wa ya shiga ɗakina?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Shugaban lajna ya gyara zama a kujerarsa. Ya ce, "Kai, yaro. Me ya sa za ka zuba wa bindigar ɗan'uwanka ruwa ranar farin cikinsa? Akwai dalili?"

Na dubi Saifuddeen, fuskarsa ta yi fari kamar an yayyafa masa gari. Na dubi Modibbo, yana kallon carbinsa.

Na ce, "Babu."

"Babu? Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Hassada ce!" in ji Saifuddeen, muryarsa ta dawo masa har da ƙari. "Tun safe na faɗa. Hassada ce, jama'a!"

Sai maganganu suka ɓarke. Wani ya ce shiru-shirun nan nasa dama ba na Allah ba ne. Wata gwaggon Ummusalama ta leƙo ta kan danni ta ce a duba tulun ruwa ma, wa ya san me ya zuba. Wani ɗan'uwan Baba da na yi wa noma damina biyu ya tofar da yawu kusa da ƙafata.

Jibrin ya saki bindigar a hannuna, ya ja da baya taki ɗaya, ya kwaɗa mini mari. Na ga wuta. Kunnena ya ɗauki ƙara, na durƙusa a kan gwiwa ɗaya, amma ban saki bututun ba, bakinsa yana ƙasa. Ya ɗaga hannu zai ƙara, mutane suka riƙe shi.

"Ka fita daga gidan nan," ya ce. "Naman ɗana ba zai shiga cikinka ba. In na ƙara ganinka a hillar nan, wallahi sai an raba mu da ƙyar."

Modibbo ya miƙe da sandarsa. Ya ɗaure fuska, ya yi mini tsawa yadda kowa zai ji.

"Marar kunya. Ka ɓata wa mutane taro, ka ɓata kayan gado. To wanda ya ɓata shi zai gyara. Ɗauke ta yanzun nan, da ƙafarka, ka kai wa Kassim maƙeri. Kada ta dawo gidan nan sai ya ce ta gyaru. Ni na yanke."

Shugaban lajna ya ce hukuncin ya yi daidai. Jibrin ya buɗe baki, ya dubi kujerar, ya rufe.

Na naɗe ta a buhun riɗi na fita. Babu wanda ya ce mini sai an jima. Ta ƙofar gida na hango Inna a tsakar gida, ta ba ni baya, tana kankare baƙin kisra daga kasko da ƙarfi.

Maƙerar Kassim tana wata hilla, tafiyar awa biyu ta cikin gonakin dawa. Ƙasar ta bushe ta tsattsage, sai ka kula inda kake sa ƙafa. Na isa rana tsaka, yunwa na cina, kuncina ya kumbura har idon hagu ya ƙanƙance.

Kassim tsoho ne gajere, ba ya son dogon bayani. Na ce masa Modibbo ne ya aiko ni, akwai ɗuri a ciki, na jiƙa shi, amma kada ya yarda da shi. Ya kore masu zaman hira daga bakin maƙera, ya kai ta can nesa da wuta, ya tsoma gindin bututun a kwatarniyar ruwa, muka zauna muka jira har inuwa ta matsa. Sannan ya kwance ta, ya turo abin da ke ciki a kan wani fasasshen kasko. Ya fito da yawa, jiƙaƙƙe, yana sheƙi. Ya murza shi a yatsa, ya kai hanci, ya dube ni.

"Wane jakin ne ya yi wannan?"

Na kawar da kai na dubi kaskon.

"Nawa aka fasa?"

"Na ga biyar."

Ya yi salati. Ya ɗebi kaskon ya juye a ramin da yake zubar da ruwan ƙira, ya tura ƙasa da ƙafa. Ya ɗaga bututun ya leƙa ta wajen hasken rana, yanzu da ba komai a ciki, ya daɗe yana juya shi.

"Ka gaya wa Modibbo gyaran nan zai daɗe. Ƙila shekara. Ƙila in mutu ban gama ba." Ya rataye ta can cikin rufin maƙera, bayan tsofaffin garemani. Ya kira cikin gida a kawo mini tuwon asida da ruwa.

Da na zauna zan ci, ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, yana duba shatin da ke kuncina.

"Wanda ya yi maka wannan, hannunsa da ƙarfi."

Na ce, "Eh. Alhamdu lillahi."

Na yi bisimilla na sa hannu a kwano.